Kwamfutoci Tara da Kawu Ya Bari Ba Suna

Ranar da muka binne Kawu, mutum uku ne kawai suka yi mini gaisuwa ba su haɗa da zancen kwamfuta ba. Sauran duk salo ɗaya: a kama hannuna, a ce ya haƙuri, a ce Allah ya ba shi hutawa, sai a rage murya a ce, "To, ina da 'yar laftof a wurinsa, ban sani ba ko ya gama." Wani ma'aikacin asibiti ma da cajarsa ya zo a aljihu, wayar tana leƙowa, muna tsaye a bakin kabari.

Tsofaffin sojojin da suka yi aiki da shi sun zo su biyar, ɗaya da sanda, suka jeru suka sara masa. Limamin masallacin layin shagunansu ya zauna a benci ɗaya da fasto, ya ce tun da Baba Saje, haka ake kiran Kawu a gari, ya kama shago a layin nan lasifikarsu ba ta taɓa wuni a lalace ba. Mata suka yi kukansu da yarenmu, suka gaji, suka koma kan tukwane. Mama, matarsa, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta zauna ta miƙe ƙafa tana amsa gaisuwa.

A bayan rumfa na ji maganar da ta sa nake wannan rubutu. Wasu mutum biyu ne, sun ci shinkafarmu sun ƙoshi. Ɗaya ya ce, "Tsohon nan ai ya tafi da kayan mutane a wuyansa. Ka kai masa taka, ya zare kayan cikinta ya sa wa ta wani, kai kuma ya ce maka ana jiran kaya daga Kano." Ɗayan ya ce, "Shi ya sa ba ya rubuta suna mana."

Ni ba marubuci ba ne. A aji uku na sakandare na tsaya. Kuma in faɗa tun yanzu: wan mahaifiyata ne, a gidansa na tashi, amma shekara uku ba ma magana kafin ya mutu. Wanda ke neman yabo mai zaƙi ya je ya nemi takardar da aka raba a coci. Ni dai na san maganar mutanen nan ƙarya ce, kuma ni ne na fi kowa sanin dalili.

A soja, sashen sadarwa ya yi, yana gyaran rediyon da ake goyawa a baya. Da ya bar aiki ya dawo Zuru ya buɗe shago: rediyo, kaset, talabijin. Wayar hannu ya ƙi ta, ya ce ba a yi ta don a gyara ba, an yi ta don a yar. Ya haura sittin lokacin da ɗalibai suka fara yawo da laftof a jaka. Ya sayi matacciya guda ɗaya, ya yi wata guda yana kwance ta yana ɗaurewa, har ya san inda kowane sukuru yake kwana. Sukurorin a kiret ɗin ƙwai yake jera su, rami ɗaya na murfi, rami ɗaya na fanka. In ka taɓa masa kiret ɗin nan, ka ji zagin bariki.

Idan aka kawo masa kwamfuta ba ya kunnawa. Hanci yake kaiwa wurin da iska ke fita, ya shinshina. Sai ya tambaya, "Ina take kwana?" Ya ce kwamfuta iri biyu ake kawo masa, wadda ta mutu da wadda aka kashe, kuma ta biyun ta fi yawa. Na taɓa ganin wata ɗaliba ta kawo tata tana cewa zafi take yi ta ɗauke. Ya ce, "A kan katifa kike ɗora ta?" Ta ce e. Ya ce, "Ke in aka danna miki filo a hanci za ki yi karatu?" Ya buɗe, ya zaro audugar datti daga fanka kamar wutsiyar ɓera, ya ɗora mata a tafin hannu ya ce ta kai wa babanta tsaraba. Abin da ya ciro daga cikin kwamfutocin garin nan, in an tara, ya isa kwano: kyankyasai, tururuwa, ƙaiƙayin dawa, busasshiyar miyar kuka. Da buroshin haƙori yake wanke su, yana faɗa da mai abin ko mai abin ba ya nan.

Tambayar da aka fi yi masa ita ce shekara nawa kwamfuta ya kamata ta yi. Amsarsa ɗaya ce: ta yi golmo. Ga wanda ba ɗan ƙasarmu ba, golmo shi ne noman da saurayi yake yi a gonar surukai damina bakwai kafin a ba shi mata. Kawu ya yi nasa cif kafin ya shiga soja, kuma bai bar kowa ya manta ba. Ya ce mutum ya sayar da buhunan dawa ko ya haƙura da abubuwa da yawa ya sayi kwamfuta, to ita ma sai ta yi masa damina bakwai kafin a ce ta cika. Batir zai iya gajiya a ta uku, a sake shi, wannan kamar fartanya ce ta cinye. Madannai su lalace, a sake. Amma allon ciki, wanda komai yake manne a jikinsa, in ya mutu kafin bakwai, to ko dai wanda ya ƙera ya yi ha'inci, ko wanda ya sayar, ko mai ita. Ya ce shi aikinsa ya gano wane ne a cikin ukun.

Wani ɗan kwalisa ya taɓa ce masa, "Baba Saje, ai yanzu shekara biyu ake yi a canza, zamani ne." Kawu ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Matarka shekararta nawa a gidanka?" Ya ce huɗu. Kawu ya ce, "To ka makara."

Sababbin nan sirara, waɗanda aka liƙe batirinsu da gam, aka narka komai a jikin allo ba ya ciruwa, haushinsu yake ji kamar sun zage shi. Ya ce wanda ya yi su ya riga ya haƙa musu kabari tun a kwali.

Aibinsa babba, kuma shi ne ya jawo masa maganar bayan rumfa: ba ya rubuta suna. Ba littafi, ba takarda, ba ko alli. Ya ce a daji ba a rubuta saƙo, kai ne littafi. Kuma da gaske yana riƙewa. Ya nuna kanta ya ce waccan ta jikan maƙerin Kanya ce, mai tsaga a kusurwa ta matar direban motar asibiti ce. Mama ta sha ce masa, "Ranar da kan nan ya kwanta fa?" Ya ce, "Ranar sai ki tashe shi." Sannan ba ya sa jabun kaya. In babu na asali, sai kwamfuta ta zauna a kanta wata shida, shekara, yana jiran wata irinta wadda mai ita ya ce da bakinsa na bar maka. Mutane su yi ta sintiri, yana cewa da saura. Haka haƙurin wasu ya ƙare suka fara zarginsa.

Yanzu rigimarmu. Ni sana'ata sayar da laftof 'yan gwanjo ce. Ina sarowa a kwali, mai kyau da marar kyau a haɗe. Marar kyau ba na yarwa. In gaɓar murfi ta karye, in cika da gam in shafa baƙar alƙalami. In akwai tsaga, in manna sitikar 'yan ƙwallo. In allon ciki ya fara ɗaukewa, akwai yadda ake gasa shi da iska mai zafi ya farfaɗo, ya yi wata huɗu ko biyar kamar lafiyayye. Kowa a sana'ar ya san wannan. Na gaya wa kaina ba ni na ƙera su ba.

Wata Talata da hantsi Kawu ya shigo shagona da kwamfuta a hammata. Akwai mai ciniki a ciki, ya ce masa, "Ɗana, ba mu wuri." Ya tura ƙofa. Ya ajiye ta a buɗe a kan tebur, ya nuna inda allon ya yi launin ƙasa saboda gashi. Ya ce, "Wannan aikinka ne?"

Na ce, "Kawu, haka ta zo."

Ya ce, "Ƙamshin gashin bai fi wata biyar ba. Wata biyar da suka wuce tana hannun wa?"

Na ce kowa da hanyar cin abincinsa, shi ya zauna yana shinshinar kayan mutane har ya tsufa bai gina ko ɗaki na biyu ba. Ya ce, "Kai da ka gudu daga golmo a damina ta uku, me ka sani game da abin da ke daɗewa?" Gaskiya ne, na gudu, na tafi Kaduna na bar abokaina suna noma, yarinyar da nake noman dominta aka ba wani. Shekara ashirin da wani abu ba wanda ya faɗa mini a fuska sai ranar. Na ce ya fita. Ya tattara sukurorinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki kwamfutar, ya fita. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Bayan haka ciniki ya yi ta ja da baya har na rufe shago na koma ɗaukar kaya a mashin. Na tabbata a raina Kawu ne ya bi gari yana tona ni. In na hango shi a kasuwa in canza layi. Da aka ce jini ya buge shi yana kwance, na ce gobe. Goben ta zama kwana shida, aka zo aka gaya mini ya rasu.

Kwana uku da binnewa, babban ɗansa, taubashina, wanda ke aikin soja a kudu, ya tara mu. Hutunsa saura mako biyu, wanda ya ba Kawu hayar shagon kuma yana son ɗakinsa ƙarshen wata. Ya ce wanda ya zo ya nuna tasa ya ɗauka, abin da ya rage a kira 'yan jari bola su auna su kwashe.

Mama ta ce, "A'a."

Ya ce, "Mama, matattun kaya ne."

Ta ce, "Na ji abin da ake faɗa a gari. In kuka sayar, kun sa hannu a kai. Ubanku bai taɓa shigo mini da allurar wani ba, ba zai kwanta da sunan ɓarawo ba." Sai ta juyo wurina. "Kai ne ka san kwamfuta a gidan nan. Ka tashi."

Taubashina ya yi dariya ya ce, "Wannan? Mama, kin ba kura ajiya ke nan ba tare da kin sani ba. Bawana, in ka ga mai kyau kada ka manna mata sitika." Na ce ya je ya goge takalmin oga, manya suna magana. Wasa ne irin namu, amma ranar bai yi mini daɗi ba.

Muka buɗe shagon. Kwamfutocin da ke tashi ba su ba da wahala ba: a kunna, suna ko hoto ya fito, a aika a kira mai ita. Wasu suka zo suka nuna tasu da alama. Fasto ya yi sanarwa ranar Lahadi, liman ya yi bayan Juma'a. Cikin mako guda kanta ta yi fili, saura tara a layin sama, waɗanda ba sa tashi ko kaɗan, ba kuma wanda ya zo nema. Uku daga baya aka gano masu su ta bakin maƙwabta. Na hau kujera na sauko da sauran shidan, na jera a tebur.

Ta farko na juya ta, na ga sitikar 'yan ƙwallo. Ta biyu, gam da baƙar alƙalami a gaɓar murfi. Ban ƙarasa dubawa ba na zauna a kujerarsa. Duk shidan daga hannuna suka fita. Na san kowacce, na san ciwonta, na san wanda na kalli idonsa na ce masa daga ofis aka cire ta a Turai, ba abin da ta taɓa yi. Mutanen ƙauye ne dukkansu, don su na fi tura wa irin waɗannan, sai sun yi nisa kafin su dawo. Yanzu kuma hanya ba lafiya, mutum ba ya hawa mashin ya zo Zuru don tambayar kwamfuta.

Taubashina ya ce, "Ka san masu su?" Na ce na sani. Ya ce ta yaya. Na ce ya bar ni.

Mama ta ba ni tsofaffin zannuwa na naɗe su, na sa a kwali na ɗaure a bayan mashin. Kwana biyar na yi ina fita da sassafe in dawo kafin la'asar. Biyu a Dirin Daji, biyu a Kanya, ɗaya a wani ƙauye kusa da nan. Duk inda na je abu ɗaya nake yi: in ce tsohon ya rasu, in ciro sukundireba in buɗe ta a gaban mai ita, in nuna masa ga ma'ajiyar da ke riƙe da takardunka, ga batir, ga fanka, ba abin da aka cire. A cikin kowacce an wanke fanka tas, an sake abin da ake iya sakewa, saura allon da yake jira. In ce a kira maƙwabci ya gani, don a faɗa.

Na tafi da shirin shan zagi. Ba wanda ya zage ni. Wata malamar firamare a Dirin Daji har gyaɗa ta ƙulla mini. Wannan ya fi zagin damuna, na kasa gane kansa.

Ta ƙarshe ta Wasagu ce. Mai ita dattijo ne, akawun wata ƙungiyar manoma, sunayen mutanensu da gonakinsu duk a ciki suke. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran buhu. Ya sa aka kawo mini kunu. Na buɗe kwamfutar na yi bayanina, ya saurara, ya yi wa Kawu addu'a irin tasu ta Musulmi da irin kalmomin da ya ga za su dace. Sai ya ce, "Kai ma sannu. Baba Saje ya gaya mini yadda aka yi maka."

Na ce, "Me ya gaya maka?"

Ya ce, "Ai ranar da na kai masa ita, daga can shagonka na nufa, da sandata. Ya riƙe ni. Ya ce ɗan ƙanwarsa ne kai, a kwali ake turo maka su a rufe, kai ma cutarka aka yi, ba ka san abin da ke ciki ba. Ya ce in bar masa, zai nemo allo ko zai kai shekara, kuma bai karɓi komai a hannuna ba. Ya ce duk wanda na ji ya sayi irinta a wurinka, in turo masa shi, kada a je a tayar maka da hankali."

Kunun yana hannuna. Da na yi shiru, da shi ke nan, in hau mashin in tafi, an wanke Kawu, ni ma an wanke ni. Na dubi allon, ga tabon gashin nan launin ƙasa, ni na yi shi da hannuna.

Na ce, "Baba, na sani."

Ya ce, "Ka san me?"

Na ce, "Na san ba ta da lafiya ranar da na sayar maka. Ni na gasa ta. Tsohon ya san na sani."

 Ya ɗauki kwamfutar daga cinyata ya mayar da murfin da kansa, ya naɗe ta a zanen Mama, ya ajiye a bayansa. Ya ce, "Shanye kununka ka kama hanya, rana ta yi." Da na tashi ya ce, "Zan faɗa wa mutanenmu tsohon bai ci kayan kowa ba, har gida aka kawo mini tawa. Naka kuma ba zan faɗa ba, tunda shi bai so a faɗa ba." Bai ba ni hannu ba.

Shi ba zai faɗa ba, shi ya sa na rubuta. Wanda ya ce Baba Saje ya tafi da kayan mutane a wuyansa, ga yadda aka yi: kayana ne ya ɗauka a wuyansa, shekara uku, ina canza masa layi a kasuwa. Na shaida ya yi ƙarya, ga mutum shida aƙalla. Allah, kada ka tambaye shi ita. Ka tambaye ni.